Ranar da Aka Sace Ni Zuwa Gungun da Ruwa Ya Ci

Ba zan taɓa mantawa ba da yadda Inna ta juya mini baya ran nan. Mata biyu na riƙe da hannuwana, ina kiranta, ita kuwa ta duƙa tana gyara wutar da ke ci lafiya lau a ƙarƙashin tukunya. Ko yanzu da nake rubutun nan abin bai sake ni ba, ban kuma san ko sauran tsoro ne ko haushi ba. Na fi zaton haushi ne.

Bari in koma baya kaɗan. A shekarar da aka toshe kogin Kwara da dam ɗin Kainji, ruwa ya fara hawa, na dawo hutu gida Yelwa daga makarantar sakandare ta kwana. Inna ta ce in raka ta biki wani sabon ƙauye a bakin ruwa, cikin waɗanda gwamnati ta gina wa Gungawa, mutanen da aka taso daga tsibiran kogi (mu nan gungu muke ce wa tsibiri). Gidajen siminti ne jere, duk kama ɗaya, har ka rasa ƙofar da ka fito. Ban so zuwa ba. Na dai sa farin takalmina na makaranta na bi ta, hanci a sama, ni mai haddar kogunan Turai.

Akwai kuma wata magana da ke yawo a makaranta, wai dam ba ya tsayuwa sai an ba ruwa budurwa. Ni ce fa na miƙe a gaban aji na ce wannan zancen jahilai ne, malama har ta sa aka tafa mini. Ku riƙe wannan, za ku bukace shi.

Muna shiga gidan biki, wata gajeriyar tsohuwa mai jan haƙori cikin Gungawan, Gwaggo Ige, ta tare mu. Ta ƙare mini kallo daga ɗankwali zuwa takalmi.

"Wagga ce ɗiyar?"

"Ita ce, Gwaggo," in ji Inna.

"Kunka bari ta yi tsawo haka ba ku kawo ta ba? Sai da ruwa ya zo wuya?" Ta waiwaya. "Kulu, Maryamu, ku kama mini ita."

Kulu da Maryamu matan 'ya'yanta ne, Kulu 'yar Shanga, Maryamu 'yar Ngaski daga wajen Wara. Kafin in ce me, sun ɗaure mini hannu da igiyar kaba. Na yi dariyar yaƙe, na kalli Inna. A nan ne ta duƙa wajen tukunya. Matan gidan kuwa suka hau guɗa, ana tafi, aka raka mu har bakin ruwa, aka tura ni cikin kwalekwale kamar buhun albasa. Babu wanda ya ce mini uffan game da inda za mu. Ko mutum ɗaya.

Da ƙauye ya fara ƙanƙancewa a bayanmu na ce, cikin muryar da nake karanta labarai a taron safe na makaranta, "Don Allah ina za ku kai ni?"

"Inda anka kai uwarki," in ji Gwaggo Ige, tana tuƙi ba ta dube ni ba.

Kulu ta matsa damtsena. "Gwaggo, wagga ba ta da nama. Anya za a karɓe ta?"

"Za a karɓa," in ji Maryamu. "Ta sha madarar makaranta, cikinta da maiƙo."

Suka kwashe da dariya. Ni kuwa maganar da na ƙaryata a gaban aji ta dawo ta zauna mini a ƙirji daram.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ina can ina karanta duk addu'ar da na sani, su kuwa gardama suka ɓarke da ita, irin wadda ka ji ka san sun saba.

"Mu Shangawa mu munka fara shan ruwan ga," in ji Kulu. "Kakanninmu sun biyo kogi daga sama tun ba kowa."

"Ba kowa?" in ji Maryamu. "To hayaƙin wa kunka hango a kan tudu? Mu Kambari muna noman dawa a ƙasar Ngaski tun ba a raɗa wa Shanga suna ba. Da yunwa kunka iso, mu munka ba ku iri."

"Irin da bai tsira ba."

"Don kun dafa shi kun cinye a hanya."

"Ku yi ta yi," in ji Gwaggo Ige. "Mai tudu da mai gangare, duk wanda ya so ƙetarewa jirgin wa ya shiga? Sarakunan Birnin Yauri da kansu, da yaƙi ya matsa musu, ina sunka ɓuya? Gungu. Sannan Yelwar ga da ake yi muna yanga da ita ko rumfar kasuwa ba ta da." Sai ta nuna ni da haɓa. "Ke 'yar boko, raba mu. Ku daga ina kunka hito?"

Na ce, "Mu Hausawan Yelwa ne."

Kulu ta yi dariya har kwalekwale ya karkata. "Kun ji ta. Daga sama sunka faɗo tsakiyar kasuwa."

(Ina so a sani, na san sunan kogin da ya ratsa birnin Sarauniyar Turawa. Na san shekarar da aka ba mu 'yancin kai, ina cikin yaran da aka jera da 'yar tuta a hannu. Sunan kakan kakana ne kawai babu wanda ya taɓa tambayata a jarrabawa, babu kuma wanda ya ga damar gaya mini a gida.)

Muka yi ta tafiya har muka kai wani wuri da itatuwa ke tsaye cikin ruwa, ganyensu ya fara rawaya. Babu ƙasa ko ta ina. Gwaggo Ige ta daina tuƙi. Ta duba dama, ta duba hagu, ta miƙe tsaye ta sake dubawa. Dariyar su Kulu ta ɗauke ɗif. Sai tsohuwa ta durƙusa, ta tsoma hannu cikin ruwa, ta fara magana da yarensu a hankali, tana kiran wasu sunaye ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin fuskarta.

To ku gaya mini, ku da kuke dariya, da ku ne me za ku ɗauka? An ɗaure ki, uwarki ta juya baya, an kawo ki tsakiyar ruwa, ga tsohuwa na yi wa ruwa magana tana kuka.

Na fasa ihu. Na yi da Hausa, na koma Turanci, na ce zan kai ƙararsu wurin Di'o mai mulkin gunduma, na ce gwamnati ta san da ni, sunana na cikin rajistar makaranta. Kulu ta kawo hannu (daga baya ta ce igiyar za ta kwance), na gantsara mata cizo. Na hango reshen wata tsamiya kusa, na ce in na kama shi na hau, ko kwana ne na yi a can. Ban iya iyo ba, hannuna a ɗaure, amma na daka tsalle.

Ban kama reshen ba.

Na sha ruwa, na taso, na yi kalmar shahada da ƙarfi, na sake nutsewa ina harbe-harbe. Igiyar ma tuni ta warware da kanta, ashe ɗaurin wasa ne. Ina jin muryar Maryamu sama-sama tana wata magana, sai da ta maimaita na gane.

"Ke, miƙe tsaye."

"Zan mutu!"

"To ki mutu a tsaye. Miƙe."

Na miƙe ƙafa. Ta taɓa dutse. Na tsaya, ruwa iya ƙirjina. Ɗankwali ya tafi, takalmi ɗaya ya tafi, ga wasu masunta biyu sun tsai da jirginsu can gefe sun saki baki. Ɗayansu ma har da yi mini sannu da aiki.

Gwaggo Ige ta share fuska da gefen zane, ta leƙo. "Mi kike takawa?"

"Dutse."

"Da santsi? Da ɗan rami a tsakiya?"

Na lalaba da ƙafar da ba takalmi. Akwai.

Sai ta ce, "Nan anka niƙa dawar da kakan kakanki ya ci."

A tsaye cikin ruwa, ina rawar sanyi, na ji tarihin gidanmu. Kakan namu gudun yaƙi ya yi daga Birnin Yauri, mutanen wannan gungu suka ɓoye shi, suka ba shi mata. Da ƙura ta lafa zai koma tudu, suka ce sun yarda, amma duk ɗiyar da aka haifa a zuriyarsa sai sun zo sun "sace" ta, an kawo ta ta taka ƙasar, ta ci kifi, a maida ta. Tsoratarwar ma cikin wasan take, uwa kuma ba ta kallo. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa innarta. Ranar kasuwar da ta gabaci bikin an gaya wa Gwaggo Ige ruwa bai rufe saman dutsen ba tukuna, shi ya sa take ta sauri. Sunayen da na ji tana kira, na mutanenta ne da ke kwance a ƙarƙashinmu.

Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan ba. Inna, da ta iya yi mini faɗa a kan gishirin miya amma ta kasa gaya mini wannan? Makaranta, da ta koya mini kogin wasu ta bar ni baƙuwa a nawa? Ko masu dam, da suka auna gidaje da gonaki suka biya da siminti, ba wanda ya tambayi abin da ake yi da wannan dutse? Har yau ina jin haushinsu duka, kuma ban cire kaina ba. Abin da na koya dai, kafin ka miƙe a gaban aji ka kira mutane jahilai, ka fara sanin ko jikan wa kake. In kuma za ka nutse, ka gwada miƙewa tukuna.

Kulu na tsotsar hannunta ta ce, "Gwaggo, wagga jinin Ngaski gare ta. Su ke cizo."

"Shanga dai," in ji Maryamu. "Kin ga ta ji yunwa ta fara da na kusa."

Ni ko dariya ban yi ba. Rana ta take tsaka, haƙorana na haɗuwa, na ce, "Gwaggo, don Allah, ba abin da za ku yi mini?"

Ta miƙo hannu ta kama nawa, amma ba ta ja ni ba tukuna.

"Ba abin da zai same ki, ɗiyata, kin tsira. Amma ɗan ƙara tsayawa kaɗan. Bayanki ba wadda za ta sake taka shi."