Gidan Ƙanƙarar da Ba Ya Cikin Taswira

"Ina kwana, tsoho mai ran ƙarfe? Ka shirya, ko sai na goya ka?"

"Lafiya lau, amarya. Tun asuba nake zaune. Ke kika tsaya shafe-shafe kamar ke likitan zai duba."

Mai gaisuwar ɗalibar jami'a ce. Wanda ya amsa kuwa kakanta ne, wanda ya yi shekara talatin da biyu yana tuƙa bas a birnin kafin yanar ido ta raba shi da sitiyari. Likitan ido ya ba shi ƙarfe tara na wannan safiya, bisa sharaɗin duk wanda ya makara sai ya jira wata uku. Suka fito bakin titi, kusa da tashar bas, tana ta latsa waya.

"Na kira tasi. Ga shi nan a taswira, saura minti biyar."

"Tun ɗazu minti biyar ɗin nan bai tsufa ba? Ni a gabanki na ƙara furfura biyu."

"Da wane idon ka gan su? Kai da jiya ka gaida firij, har da tambayarsa iyali."

"Ai ya fi ki ladabi. Bai mayar mini da magana ba."

Ƙarfe takwas da kwata mai tasin ya fasa zuwa. Dariyarta ta ɗauke. Ta ja hannun kakan zuwa layin motoci, tana karanta wa kowane kwandasta adireshin da ke wayarta: Titi na Goma Sha Bakwai. Na farko ya girgiza kai, na biyu ya tura ta wajen na uku, na ukun ya tambaye ta ko a wannan garin yake.

"To, mai ilimi, wayar ba ta da taya ne mu hau?"

"Kaka, don Allah bar wasa. Lokaci na tafiya."

"Faɗa mini abin da ke kusa da asibitin."

"Akwai gada, sai shataletale, sai wani banki a kwana."

Tsohon ya gyara hula, ya buɗe muryar da ya ajiye tun da ya bar aiki: "Gidan Ƙanƙara!"

Kwandastoci uku suka yo kansu a guje, har da wanda ya yi musun garin.

"Wane gidan ƙanƙara kuma? Babu shi a taswira!"

"An rushe shi tun babanki na rarrafe. Bankin nan a kansa yake zaune."

Haka abin yake a manyan birane: gini kan faɗi, hukuma ta raɗa wa titi sabon suna, amma direbobi su ci gaba da sauke mutane a ƙofar abin da babu shi.

Suka shiga bas ɗin ɗaya daga cikinsu. Kwandastan ya ce da ikon Allah kafin tara saura kwata sun isa. Ta sauke ajiyar zuciya, ta jefa wayar cikin jaka.

"Shi ke nan, angona, yau ka ci. Zo ka zauna bakin taga, kyauta na ba ka."

"In yi me da taga? Zauna ke. Ki riƙa faɗa mini abin da suka gina, ni kuma in faɗa miki abin da suka rushe."

Ta yi dariya, ta matsa jikin gilashin. "To, ga wani dogon bene, duk madubi."

"Gidan sinima ne. Nan na fara ganin kakarki, kuma ta fi ki kyau nesa ba kusa ba."

"Ashe tun lokacin idon ya lalace."