Ranar Da Madam Zuwaira Ta Gano Mai Kashe Fishiyen Jiratawa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da watannin da na yi ina estaj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin biro (ofis ke nan) na injiniyoyin ruwa da ke unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Shekarar rikicin tazarce ce. Masu ba da tallafi daga waje sun fara janye jiki, ayyuka sun yi ƙaranci, patron ɗinmu, mai biron, kullum rediyo a kunne da fuska a murtuke. Ni kuwa sabon fitowa daga makaranta, kaina ya fi ilimina girma, ina tafiya kamar ni na haƙa Gulbi.

Patron ya ce in na kammala aikin magudanan ruwan fadamar Jiratawa kafin taron koperatif ɗin manoma na rabon ruwan rani, zai ɗauke ni aiki. Shi kuma Alhaji Lawali, ɗaya daga cikin shugabannin koperatif ɗin, ya riga ya faɗa wa magabatana cewa ranar da na samu aikin zama, ranar za a sa bikina da ɗiyarsa Ramatu. Kun ga ke nan aikina da aurena duk suna cikin fishiye guda, fayil ɗin da na adana aikin a ciki.

Aikin ga yadda yake. Akwai wani lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, da ake zana masa kanal-kanal ɗin fadamar, kowane da faɗinsa da zurfinsa da gangarensa, a nuna masa inda famfunan foraj, rijiyoyin burtsatse, suke. Sai a ce masa ya saki ruwa. Shi kuma ya yi ta lissafi yana nuna yadda ruwan zai bi, gonar wa zai kai, ta wa zai bari da ƙishi. Lissafin kan ɗauki dogon lokaci, kuma yana yi yana rubuta sakamako cikin fishiyen. Da yake cikin tsohuwar ordinatar biron (kwamfutar da nake aiki da ita) ya cika, fishiyen nawa yana kan wani diski na waje mai kamar sandar sabulu, wanda ke zaune bisa akwatin ordinatar a ƙarƙashin tebur, an jona shi da 'yar gajeriyar waya.

To, sai abu ya fara mutuwa. Ana cikin lissafi lami lafiya, ruwa na gudu shuɗi a ekran, fuskar ordinatar, sai komai ya ƙame, lojisiyel ya ɓace. In na koma buɗe fishiyen, ya ce bai san shi ba. Sai in ɗauko tsohon kwafi, in sake shigar da abin da ya salwanta, in sake saki. Bayan 'yan kwanaki ya maimaita.

Babu wanda ban ɗora wa laifi ba. Na ce wirus ne, na wanke ordinatar har sau ban san iyaka ba. Na ce kuran ne, wutar lantarki, ke rawa, alhali fitilar biro ko ƙiftawa ba ta yi. Na ce zafi ne, na sace fankar patron na juya mata (shi ya yi ta gumi, ita ta yi ta mutuwa). Na zagi Turawan da suka ƙera lojisiyel ɗin, su da iyayen gidansu.

Daga nan ne na lura da wani abu. Alhaji Lawali, duk shigowarsa gari, sai ya biyo biro ya ga inda aka kwana, domin gonakin mutanensa ne a wutsiyar kanal, inda ruwa ke wuyar kaiwa. Kuma duk ranar da ya yi sallama muka gaisa, ina waiwayawa sai in tarar abu ya mutu. Patron ya shiga ya fita, lafiya. Mai shayi ya shiga, lafiya. Alhaji kaɗai.

Ni da na yi shekaru ina karatun lissafin ruwa, sai ga ni bisa moto na nufi Tibiri wurin gwaggona, wadda ta san kan irin waɗannan al'amura. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da maganar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da bokonka duka, ƙarhe ya gagare ka sai ka ce bakin mutum ne?" Amma da na nace, ta ba ni 'yar laya, ta ce ta tsarin baki ce. Na kawo na ɗaure ta da zare a jikin diskin nan, ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Alhaji ya sake zuwa, fishiye ya sake mutuwa. Maimakon in ce layar ba ta da alaƙa da abin, sai na ce lallai tsohon nan ya fi ƙarfin Tibiri.

Taro na ta matsowa, na rame, Ramatu na tambayata ko zazzaɓi nake. Ana haka Madam Zuwaira ta dawo daga wani aiki da ta je yi a ƙauye. Ita ce babbar injiniyar biron, mace mai ƙarancin magana, wadda ban taɓa ganin ta danna wani abu a ordinatar ba sai ta karanta abin da ke rubuce tukuna (ni kuwa duk akwatin saƙon da ya fito, kafin ya gama fitowa na rufe shi). Ta ja kujera kusa da ni ta ce, "Ƙanena, an ce kai da injin ga ba ku ga maciji. Nuna mini gawarwakin."

Abu na farko da ta yi, ta kwafe duk matattun fishiye zuwa tata ordinatar, ta ce ba a taɓa na asali. Sannan ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba da lojisiyel ɗin ba, da wani ɗan abin karanta rubutu kawai. Ban ma san ana yin haka ba. Sai ga cikin fishiyen a fili, layi-layi na lambobi. Ta gangara can ƙarshe ta nuna mini da bayan alƙalami: lamba ta yanke a tsakiya, bayanta sai tarkace.

Ta ce, "Ka gani? Da lissahinka ne ba daidai ba, kullum wuri guda za shi mutuwa, kanal guda. Wanga ya mutu a tsakiya, wancan kusa da ƙarshe, wancan tun hwarko. Aikinka lahiya lau yake. Shina cikin rubutu ne ake hizge mishi takarda."

Wallahi ji na yi kamar in yi kuka, don rabona da jin an ce wani abu nawa lafiya lau yake har na manta. A gabana ta yanke ruɓaɓɓiyar wutsiyar na baya-bayan nan, ta ɗauko abin da ya ɓace daga tsohon kwafi ta jona, ta share sakamakon da aka bari rabi. Ta buɗe, sai ga kanal-kanal ɗina sun fito reras. Aikin da na yi ta yi wa zaman makoki, ta tashe shi kafin shayinta ya huce.

Sai ta juyo. "Yanzu saura mai hizgewa. Mi kake yi in za ta mutu?"

Na ce, "Ba ni yin komi, Madam."

"Babu mai rai da ba shi yin komi. Tuna dai."

Na duba ƙofa, na rage murya, na zayyana mata zancen Alhaji (ban da layar, wannan na haɗiye). Na jira dariya. Ba ta yi ba. Abin da ya sa har yau nake ganin girmanta ke nan. Ta ce, "To, wanga ma bayani ne. Ka lura da abin da ya kamata a lura da shi. In zuwanshi da mutuwar suna tahiya tare, akwai abin da ke gama su. Sai mu gan shi da ido. Yaushe za shi sake zuwa?"

Ranar da muke sa ran shigowarsa, ta sa na saki lissafi a kan kwafi, ita kuma ta koma gefe da kujerarta. Na lura ba ekran take kallo ba, ƙafafuna take kallo, har na tsargu ko takalmina ne ya yage.

Sai ga sallama. Alhaji Lawali ne, da babbar riga da carbi.

Abin da ban gaya muku ba, domin ni kaina ban ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne yadda nake gaishe shi. Patron, miƙewa nake yi in ba shi hannu. Amma uban Ramatu? Tura kujera nake yi baya, in sulale ƙasa nan gefen tebur, in durƙusa har gwiwa ta taɓa siminti, kai a sunkuye, kamar yadda aka koya wa kowane ɗan mutunci. Ranar kuwa, da yake Madam na kallo, sai na ƙara wa ladabin gishiri, na zube da ƙarfi.

Gwiwata ta ɗauki wayar diskin. A sauran ranaku, ashe ɗan girgiza ta kawai take yi a raminta da ya saki, ta yanke ta koma, ni ina can ina "Lahiya lau, Baba." Wannan karon ta tumɓuke gaba ɗaya. Diski ya sulluɓo daga bisa akwati, ya dira a kan rigata, ya gangara har gaban takalmin Alhaji, ya kife. Ga laya a sama, ɗaure da jan zare. A ekran kuma ruwa ya ƙame.

Alhaji ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya ta. Ya ce, "Wagga hwa? Ɗunkin Tibiri ne, na san shi. Ta tsarin baki ce." Ya dubi Madam, ya dubi ƙofa, ya dube ni a ƙasa. "Yaro, bakin wa kake tsoro cikin biron ga? Ni dai ban ga mai yawan shigowa nan ba in ba ni ba."

Na so ƙasa ta tsage. A raina na gama sallama da Ramatu, har na fara tunanin garin da zan koma.

Madam ta taso a natse, ta karɓi diskin da hannu biyu. Ta ce, "Baba, ka zo a daidai. Yau munka kama ɓarawon da ke kashe muna aikin ruwanku. Ladabin yaron ga gare ka ne. Duk biron ga kai ɗai yake durƙusa ma, kuma duk durƙuson da ya yi, gwiwarshi sai ta taɓa wagga waya. Ya rasa gane kan abin, har tsoro ya kai shi neman tsari." Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, kuma ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa mata a asirce ba ta fito ba.

Alhaji ya dubi wayar, ya dubi gwiwata. Ba yaro ba ne, na tabbata ya gane sauran zancen da ba a faɗa ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har da riƙe tebur. "Ashe ni ke kashe ta, amma da gwiwarka! To tashi, tashi, kar ka ƙarasa muna ruwan."

A ranar Madam ta sa aka sayo sabuwar waya, ta ɗora diskin bisa tebur, ta kuma kafa mini doka: lissafi a kan kwafi, na asali a ajiye wuri biyu, kuma duk saƙon da ya fito a ekran sai na karanta mata shi da baki. Lissafi ya tafi har ƙarshe ba tuntuɓe. Aka yi taro, aka sauya jeren sakin ruwa yadda na wutsiya za su samu. Patron ya ɗauke ni, aka sa rana.

Labarin dai bai tsaya a biro ba, don Alhaji da bakinsa ya kai shi Jiratawa. Ranar ɗaurin aure na je zan durƙusa gaban dattawa, wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "A dakata! A hwara duba ko akwai waya kusa." Masallaci ya ɗauki dariya, ni ina sunkuye ina murmushin dole.

Yanzu ni ma ina da masu estaj a ƙarƙashina. In ɗayansu ya zo yana rantsuwa cewa wirus ne, ko kuran, ko wani ne ya sa masa hannu, ba na yi masa dariya, don an taɓa raga mini. Kujera nake ja in zauna, in tambaye shi abin da yake yi lokacin da abin ya mutu. Darasin da na biya da mutuncina ke nan: kafin ka hau moto neman mai laifi har Tibiri, fara leƙa ƙarƙashin teburinka, mai yiwuwa ka tarar da shi a durƙushe, sanye da wandonka.