Asabar ɗin da Na Yi Musu da Matashin Kai

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a Kubwa ba, ko da kuwa na so in manta. Lokacin ba a daɗe da kwaso ma'aikatarmu daga Ikko zuwa Abuja ba. Aka loda mu da fayil-fayil da tafiretoci, aka sauke mu a garin da tituna suka fi mutane yawa. Ɗaki ɗaya aka ba ni a kwatas, don haka na kai maiɗakina da yara Kano wajen iyayena, da alkawarin sai abubuwa sun daidaita. Abubuwa kuwa suka ƙi daidaita.

Aikina duba takardu ne kafin a kai wa manya su sa hannu. Teburin da ke kallon nawa na Mista Bulus ne, mutumin Filato, ya girme ni nesa ba kusa ba, kullum tabarau a ƙarshen hanci. Tun makon farko muka saɓa a kan waƙafi. Ni na ce idan ana jera abubuwa da Turanci, dole a sa waƙafi kafin "and" na ƙarshe. Shi ya ce ɓarnar tawadar gwamnati ce.

"Malam, wannan waƙafi naka ba shi da aiki," in ji shi. "Ya zauna kawai yana cin albashi, kamar wasu a ofis ɗin nan."

"Oga Bulus, ai shi ne ɗan sandan da ke raba faɗa tsakanin kalmomi."

"Kai! Su kalmomin sun gaya maka suna faɗa?"

Haka muke kullum. Idan waƙafi ya gajiyar da mu, sai mu koma kan ko "staff" mutum ɗaya ne ko jama'a, mu dawo. Masu buga tafireta har sun saba, da mun fara sai su ce an buɗe kotu. Abin da ba su sani ba (shi kansa Mista Bulus bai sani ba) shi ne wannan musun ne kaɗai hirar da nake yi da ɗan Adam a yini. A bas ɗin ma'aikata kowa gyangyaɗi yake. A masallaci a gaisa a watse. Maƙwabcina na dama ba ya kwana a gari, na hagu kuwa har na bar kwatas ɗin ban san muryarsa ba.

Shi ya sa na tsani ƙarshen mako. Ran Juma'a da an tashi, Mista Bulus zai ɗauki jakarsa ya ce, "Sai Monde, ka gaishe da waƙafi," ya tafi Karu wajen iyalinsa. Ni kuma in koma ɗakina in zauna da risho da rediyo. Sau da yawa bakina ya ɗauko, "Oga, ko in leƙo ku gobe?" sai girman kai ya mayar da maganar ciki. Ina tsoron kada ya gane cewa abin da shi yake ɗauka wasan ofis, ni shi ne duk abin da nake da shi a garin.

To, sai na ɓullo da dabara. Da farko a zuci nake shirya hujjojin da zan kayar da shi ran Litinin. Daga baya na fara faɗarsu a fili. Da na ga hujja ba ta daɗi in babu mai musa ta, sai na fara ba kaina amsa da muryarsa. Kafin wata ya zagayo (ku yi mini uzuri, kaɗaici ba ƙaramin ciwo ba ne) na kai ga jingina matashin kai a kujera, in ɗora masa wani tsohon tabarau, in haɗa shayi kofi biyu.

Ran Asabar ɗin da nake ba ku labari, bayan azahar ne, babu wuta, zafi ya sa na wangale taga da ƙofa. Daga ni sai zani da singileti. Zaman kotu ya yi nisa, har na miƙe tsaye ina nuna matashin da cokali.

"Oga Bulus, yau sai ka amsa laifinka!"

Na zagaya bayan kujera, na sauke murya, na shaƙe hanci yadda yake yi: "Kai Malam, ka kashe ni. Wannan waƙafi naka yana da aiki. Ni ne ban yi karatu da kyau ba."

Na dawo mazaunina na karɓi tubansa cikin mutunci, har da cewa ba komai, kowa yana kuskure. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma akwai ɓangaren da nake rufe zaman da shi kowane mako, wanda saboda shi nake yin wasan gaba ɗaya. Na sake komawa bayan kujera na ce da muryarsa:

"Malam, kai kaɗai kana zama a nan ba kyau. Gobe ka zo gida ka ci tuwo da mu. Kai ɗan'uwana ne, ba abokin aiki kawai ba."

Na buɗe baki zan ce na gode, sai na ji an yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Mista Bulus ne tsaye, da tabaransa na gaske a kan hancinsa na gaske. A bayansa wata mata ce riƙe da ledar lemo, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ashe daga kasuwar Zuba suke, suka bar motarsu a bakin titi saboda ruwa ya cinye hanyar kwatas, shi ya sa ban ji isowarsu ba.

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da gudu zan shige. Na tsaya da cokali a hannu, zani yana neman kwancewa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kada ya ɗauka ba'a nake yi wa Hausarsa, in rasa mutum ɗayan da nake da shi. Na ce, "Sannunku da zuwa," sannan don tsabar ruɗewa na ɗauke tabaran daga fuskar matashin na sa a tawa fuskar.

Ya shigo a hankali, ya dubi kujerar, ya dubi kofuna biyu. Ya ɗaga matashin ya ajiye a kan katifa, ya zauna a wurinsa, ya kurɓi shayin.

"Ya yi sanyi," in ji shi. "Malam, tun daga 'ka kashe ni' muna tsaye. Abu biyu zan gaya maka. Na ɗaya, ni ba na magana ta hanci haka."

"Kana yi," in ji matar, dariyar ta ƙwace mata. Ta dube ni ta ce, "Malam, ni ce matarsa, Maman Yakubu. Ni na ce sai mun biyo na ga mai waƙafin nan. Kullum a gida sunanka, har yara sun gaji."

"Na biyu," ya ci gaba kamar bai ji ta ba, "ko a gaban alƙali ba zan ce waƙafin nan yana da aiki ba. Wannan pilo ya yi mini ƙarya." Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, bai kalle ni ba. "Amma maganar ƙarshe da ya yi, ya faɗa daidai. Gobe bayan mun taso coci. Kada ka ci komai kafin ka zo."

Na gyaɗa kai. Sai na sunkuya ina ta gyara zaman risho, wanda ba abin da ya same shi.

Na je, na ci tuwon acca har na ji kunya ta biyu. Daga ranar, har iyalina suka iso Abuja, ban sake yin Lahadi ni kaɗai ba. Bai taɓa ba kowa labarin a ofis ba, sai dai duk ranar da na kusa kayar da shi a musu, zai leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ka je ka gaya wa pilo."

Darasin da na koya shi ne, in kana son a gayyace ka cin tuwo, ka buɗe baki ka faɗa wa mai tuwon. In kuwa girman kai ya hana ka, har sai ka bi ta kan matashin kai, to aƙalla ka rufe ƙofa. Ni dai na gode wa Allah da ban rufe ba.