Ranar da Na Zama Baƙo a Shafina

Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Ni ke kula da shafin intanet na ƙungiyarmu ta manoman gyaɗa a Rogo, kuma ni na kafa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, da hannuna. Sanarwa ta zo cewa manhajar sabar tana da ɓaraka, ƙaramin mamba zai iya bi ta nan ya ɗare kujerar mai gudanarwa, don haka a yi maza a sabunta. Na yi tsaki na ƙi sabuntawa, na ce duk ƙasar Rogo, daga Beli har Ruwan Bago, wa zai iya? Har da buga ƙirji a gaban taubashina Sabo, mamban ƙungiyar, mai gyaran kwamfuta a Ƙaraye.

Ranar rajistar iri, rumfa cike da manoma, shugaban ƙungiya na tsaye a kaina, na shiga shafin. An kwashe mini iko kaf. A gaban sunana an rubuta "Baƙo". Mai gudanarwa kuwa, Sabo.

Na kira shi a waya ina huci. Ya ce, "Ƙofa na tarar a buɗe, na shiga na zauna. Yi sallama tukuna."

Na kai ƙara wurin Kawu, mahaifinsa. Ya ce, "Wa ka taɓa ji ya yi shari'a da taubashi?" Sai da na roƙi ɗan banzan nan Sabo a gaban jama'a sannan ya sakar mini kujerata.

Yanzu ko gidana na shiga, sai matata ta dubi yara ta ce, "Ku kawo wa baƙo ruwa."