Injin da Yake Tsoron Ruwan da Ya Ce a Zuba Masa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Ɗumi-Ɗumi, masu ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai, Allah ya ƙara maka lafiya da busasshen ofis.

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramar ɗiya, da tambayar iyali da gajiya da ruwan damina, ina neman afuwa. Ni dai, ko maƙwabcinmu ba na iya kallo a ido, karatuna kuma bai wuce firamare da nisa ba. Shi ya sa na rubuto.

Bana kakata ta baro ƙauye, ba ta fito da komai ba sai ƙwan fararen zabinta a cikin ƙwarya. Mu dai mun saba sa wa kaza ƙwan zabi, don zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Sai Baba ya kawo injinku. Ranar aka yanka kazarmu mai kwanci, tunda an ce aikinta ya ƙare. Ni aka ba kula da ƙwan.

Na ɗaya. Kun ce a riƙa zuba ruwa a farantin ciki don ƙwai su sami danshi. Na zuba. Ana tsakiyar kwanci injin ya mutu, ƙwai suka yi sanyi. Malam Gwadabe mai gyaran rediyo a Ƙofar Ƙaura ya buɗe, sai ga ɗan koren allon da ke sarrafa zafi ya ci tsatsa kamar tsohon gwangwanin gishiri. Ranka ya daɗe, injin da ke neman ruwa, yaya aka bar ƙwaƙwalwarsa tsirara a kan tururi?

Na biyu. Malam ya ce akwai wani shafi kamar janfarce marar launi da ake yi wa irin wannan allo, don laima da ƙwari. Naku babu ko ɗigo. Daga waje kuwa fenti har ɗaukar ido yake, ga hoton tsako yana dariya. Wa yake yi wa dariyar?

Na uku. Ba zan yi muku ƙage ba, injinku ya yi ƙyanƙyasa. Mun sami 'ya'yan kyankyaso a bayan allon, lafiyarsu ƙalau. Ina taya ku murna.

Na huɗu. Kwalinku ya ce an gwada shi a kowane irin yanayi. A wane gari? Inda ba a damina, kyankyaso kuma sai ya yi sallama kafin ya shiga?

Yawancin ƙwan sun zama bara-gurbi. Kullum da safe Kaka sai ta tambaye ni ko zabinta sun fito, ni kuma in sunkuyar da kai. Ragowar mun kai wa kazar Inna Furera maƙwabciyarmu. A ƙarƙashin rumfa mai yoyo kazar take kwance, ba ta taɓa tsatsa ba. Sai dai fikafikanta ba su rufe duka ba.

Don haka roƙona biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko ku suturta allonku kafin ya shiga gidan wata kakar, ko ka daure ka zo da kanka ka kwanta a kan sauran. Na shimfiɗa ƙaiƙayi a kwando, dawa da ruwa kuma ba za su yanke ba. Kada ka ji tsoro. In ka kasa, ba abin da za a yi maka. A gidanmu wadda ta iya aikin muka yanka.

Taka mai biyayya, kai a sunkuye,
Zulaihat Siddiq,
Ƙofar Durbi, Katsina.