Kwalabe Goma Sha Biyu da Cokali Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da tumatin shekarar da ɗiyata Nana ta cika shekara biyu ba. Ko na so in manta, matan Sevran ba za su bar ni ba.

Lokacin muna zaune a Villeurbanne, gefen Lyon, a hawa na huɗu na wani gini da ko baranda ta kirki ba shi da ita. Abban Nana yana bincikensa a jami'a, ni kuma ina gida, takardun karatuna a ƙasan akwati, yarinya a maƙale da zanena. Bayan dogon jira sai aka yanka mana ɗan fili a lambun unguwa, irin wanda ake raba wa mazauna kowa da nasa. Faɗinsa bai wuce tabarma huɗu ba, amma a ranar na kira Maradi na ce wa Innata, "Inna, mun samu gona!" (Allah ya yafe mini, har yau ban faɗa mata girman gonar ba.)

Na shuka tumati, na shuka tonka, na shuka kuɓewa. Kuɓewar ta leƙo ta ga sanyin Faransa ta ce ba da ita ba. Nana ce mataimakiyata: tana tsinke ɗanyen tumati ta kawo mini tana washe baki, tana ba takalmana ruwa maimakon shuka, in na juya baya kuma ta cika baki da ƙasa. Duk da wannan taimako, da watan Agusta ya shigo sai tumati ya ɓarke. Muka ci, muka ba maƙwabta, muka ci, har Abban Nana ya fara kallon miya da tsoro.

A gida ai abin ba wuya, yanyanka shi ake a baza a rana ya bushe ya zama kauɗa. Na gwada a bakin taga, tantabarun Lyon suka yi biki. Kuma in faɗi gaskiya, a lokacin ina ɗan raina kauɗa. Ina ganin wanda ya zo Turai ai ya wuce nan.

Sai Allah ya haɗa ni da Madam Odil, wata tsohuwa mai filin da ke jikin namu, wadda ta ɗauki Nana tamkar jikarta. Ta ga ina tsaye kan bokiti biyu na tumati ina zare ido, ta ce gobe za ta zo ta nuna mini yadda suke yi. Ta zo kuwa, da wata ƙatuwar tukunya da kwalabe goma sha biyu, irin masu murfin gilashi da maɗaurin waya da zoben roba mai launin ruwan lemo. Muka wuni muna ɓare tumati, muna dafawa, muna ɗurawa, Nana tana ƙarƙashin tebur tana buga murfin tukunya da ludayi. Bayan mun rufe kwalaben muka nutsa su cikin ruwa suka tafasa fiye da awa guda. Ta bayyana mini cewa zafin nan yana kashe duk abin da ke lalata abinci, robar kuma ta kama murfin gam ta hana iska shiga. Da za ta tafi ta ɗaga mini yatsa ta ce, "Maintenant, on ne touche plus!" Wato daga yanzu ba a ƙara taɓawa, sai ranar ci. Na ce, "Wi, Madam, na gane sarai." Washegari ta tafi hutu wurin ɗanta.

To ku gaya mini tsakani da Allah, wace Bahaushiya ce za ta dafa abu ta ajiye ba ta ɗanɗana ba? Ni da Inna ta raina, wadda miya ba ta sauka daga murhu sai an ɗiga a tafin hannu an lasa? Ga shi na ga gishirin da Madam Odil ta sa da idona, ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, kamar mai ba mara lafiya magani. Da safe na tsaya gaban kwalaben nan sun jeru jajaye gwanin sha'awa, zuciyata tana ce mini, "Gishiri bai ji ba." Na fita na dawo. Na yi wanki na dawo. Daga ƙarshe na ce guda ɗaya dai ba za ta yi komai ba.

Na ja harshen robar, kwalba ta yi "fiss", na sa cokali na lasa. Lami! Ashe gaskiyata. Na ƙara gishiri, na marmasa ɗan dunƙule, na ce tunda an fara bari a sa 'yar daddawa ta ba shi martaba. Na juya, na lasa, na maida murfi na danne waya, ta koma yadda take, ba wanda zai ce an taɓa. Sai na ga ai ba adalci ba ne a gyara ɗaya a bar sha ɗaya. (Cokalin kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, cokalin kokon Nana ne.) Tana zaune a kujerarta ta cin abinci tana kallona, duk kwalbar da na buɗe sai ta wage baki, in lasa in ba ta ita ma ta lasa. Har waƙa muka yi: "Mama lasa, Nana lasa." Muka gama da kwalabe sha biyu cikin annashuwa, na jera su saman kabad, inda ya fi ko'ina ɗumi a gidan.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Gwaggo. Hajiya Rabi ke nan, ƙanwar mahaifin Abban Nana, ita ta raine shi a Zinder kafin ta koma Sevran, bayan garin Paris, da zama. Ba ta taɓa gaya mini magana mara daɗi ba. Abin da take yi ya fi haka ciwo: duk zuwan da za mu yi sai ta dubi mijina ta ce, "Ɗana, ka rame," ta cika masa robobi da dambu da kilishi ya taho da su. Ni kuma sunana a bakinta "'yar lekol", wato 'yar boko. Shekara huɗu ina neman ranar da Gwaggo za ta ci abin hannuna ta gyaɗa kai, ko sau ɗaya.

Bayan kamar sati uku sai ga wayarta, 'yarta ta sauka, an samu namiji, suna ranar Asabar. Muka gama gaisuwa, ya gida, ya Nana, ya zafi, ya mai jego, sai ta ce za ta aika kasuwar Barbès ta cikin Paris a sayo gwangwanayen tumati na miyar suna. Bakina ya riga hankalina.

"Gwaggo, kada a sayi ko gwangwani ɗaya. Ni zan kawo. Na gonata, da hannuna na ɗura."

Ta ce, "Kin tabbata, 'yar lekol? Jama'a fa za a yi."

"Na tabbata, Gwaggo. Ki bar mini wannan."

Da muna sauko da kwalaben Abban Nana ya ɗaga ɗaya ya duba ta a hasken taga. "Wannan 'yar kumfar da ke tasowa fa, haka ake yi?" Na ce, "Abban Nana, kai dai ka tsaya ga lissafinka na jami'a. Alamar sabon tumati ke nan." Bawan Allah ya ce to. Muka naɗe su da tawul muka jera a ƙasan keken Nana, muka hau tiram, ƙaramin jirgin nan na cikin gari, muka hau jirgin ƙasa awa biyu, muka sauka muka ja su kan matakala, muka hau RER, jirgin da ke kai mutane unguwannin bayan Paris. Duk inda jirgi ya girgiza sai su amsa, ni kuma ina zaune ina tsara irin murmushin kunya da zan yi in aka fara yabona.

Muka iso da hantsi, madafar Gwaggo cike da mata. Shinkafa tana kan wuta, an soya naman rago, albasa tana cikin mai tana jiran tumati. Gwaggo ta riga ta yi wanka ta sa farar shadda mai aiki, sabuwa dal. Na jera kwalabena a kan tebur, mata suka kewaye suna "Masha Allah, ke kika yi?" Da na yi shiru a nan da da sauƙi. Ina! Sai da na yi musu lacca: yadda ake tafasawa, yadda roba ke hana iska, yadda abin ke shekara bai lalace ba, ba kamar kauɗa ba da ke cika da ƙura. (E, na faɗi haka. A gaban matan Zinder da Tahoua.) Gwaggo ta gyara tabarau ta sunkuyo ta ga ikon Allah.

Ban ma kai ga jan robar ba. Ina ɗaga wayar murfin sai "bum!"

Jama'a, tumati ya tashi sama. Ya bugi rufin ɗaki, ya sauko a kan ɗankwalin Gwaggo, ya bi tabarau, ya gangaro gaban farar shadda har ƙasa. Sauran kuma yana ta tumbatsa daga bakin kwalba yana kumfa yana bin tebur. Sai wari ya biyo baya, wani irin tsami mai hawa kai. Albasa kuma tana can kan wuta tana ƙonewa. Hajiya Zulai, aminiyar Gwaggo, wadda ba ta iya ganin magana ta ƙyale, ta toshe hanci da gefen gyale ta ce, "La'ilaha illallahu! 'Yar nan, tumati kika kawo mana ko giya kika dafa?"

Na ce wata ƙila wannan ɗaya ce ta samu matsala. Aka kai ta biyu wurin wanke-wanke aka rufe da tawul aka buɗe. Haka. Ta uku, haka. A ta biyar aka ce a bari, kada maƙwabta su kira 'yan kwana-kwana.

A nan na yi abin da ya fi fashewar kwalba muni. Kunya ta kama ni, idona ya sauka kan Nana tana tsaye bakin ƙofa da yatsa a baki, sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi Nana ce. Ita ke jan robobin in na juya baya, ba ta barin komai." Mata suka fara "Ayya, ai yara sai haƙuri." Har na fara ganin na tsira.

Nana ta ji an ambaci sunanta, ta ga kwalabe, ta tuna wasanmu. Ta tako ta ɗauki cokali a kan tebur, ta miƙo mini, ta ɗaga murya da waƙa tana rawa: "Mama buɗe! Mama lasa! Nana lasa!" Sannan ta nuna kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta wage baki tana jira.

Gwaggo ta cire tabarau tana gogewa da gefen shaddar da ya tsira. "'Yar lekol, bayan an dafa an rufe, kin buɗe su?"

"Gishiri ne bai ji ba, Gwaggo."

"Duka?"

"Duka."

Dariyar da aka yi a madafar nan, har maza suka aiko daga falo a ji ko lafiya. Hajiya Zulai ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige da kekena da kwalabena.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta buɗe kabad ta ciro wani ƙullin leda da aka aiko mata daga gida: kauɗa. Ta ce a jiƙa da ruwan zafi a niƙa, a sake yanka albasa. Sannan ta juyo gare ni ta yi magana a hankali, amma kowa ya ji. "Tumati ya lalace, ba komai, ko ni da zan ɗanɗana. Shadda kuma a wanke. Amma yarinyar nan ba ta ja roba ba. Ki ba ta haƙuri."

Wannan ta fi tumatin zafi. Na durƙusa a kan tayil mai santsi, a gaban mata fiye da goma, na kama hannun ɗiyata mai shekara biyu na ce, "Nana, ki yi haƙuri, Mama ta yi miki ƙarya." Ita ba ta san ma me ake ciki ba. Ta dube ni, ta tura mini cokali a baki. A nan ne Gwaggo ta fashe da dariya, ta dafa kaina da hannunta mai tumati ta ce, "Tashi, ɗiyata, zo ki ɗanɗana mana miyar, tunda aikinki ne." Ranar ta fara ce mini ɗiyata.

Miyar kauɗa ta yi daɗi har aka suɗe tukunya. Da Madam Odil ta dawo na gaya mata, ta riƙe kai da hannu biyu, sannan ta ce saura kaɗan in kwantar da jama'ar suna gaba ɗaya, in gode wa Allah da abin ya fashe kafin a ci. Shekara ta zagayo muka sake, na sa gishirina tun a tukunya, Madam Odil ta tsaya a kaina har na rufe ta ƙarshe.

Sunan "'yar lekol" ya mutu, amma wanda ya gaje shi bai fi shi ba: daga Sevran har Barbès, "Mama Lasa" ake ce mini. Kuma duk watan Agusta sai Gwaggo ta kira ta ce a ajiye mata kwalba biyu, "waɗanda ba a gyara ba".

Abin da na koya shi ne, a ɗanɗana kafin a rufe. In kuma an ƙi ji an buɗe, to kada a ɗora wa wadda aka lasa tare da ita, musamman in ta fara koyon magana.