Ranar da Na Sa Kowa a Gaba

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na cika wata uku a masana'antar casar shinkafa ta wata Hajiya a wajen unguwar Arawa ba. A ranar za ta yanke ko ta riƙe ni aiki, ko in koma gida in ci gaba da kallon takardar diflomata.

Aikina saita kwantirola ne, wato akwatin da ke aika wa injina umarni. Duk ta waya ɗaya umarnin ke bi, don haka layi suke yi, kowanne da lambarsa. Mai lamba ɗaya shi ke tsallake kowa. A ƙa'ida, umarnin rufe bakin da ke zuba shinkafa a buhu ne ke da wannan lamba (na san haka sarai, har a jarrabawa na ci shi).

Sai Baba Modu, dattijon Borno mai kula da tukunyar turara shinkafa, ya same ni. "Ɗana, tukunyata ba ta jira. Sa ta a gaba." Mutumin da ya girmi mahaifina, da wane baki zan ce masa a'a? Na ce to, Baba, na mai da tukunyarsa lamba ɗaya. Washegari Malam Buba na injin casa ya zo da kwanon fura da nono, wai ya ji labari. Na sha fura, shi ma na ba shi lamba ɗaya. Kafin sati ya ƙare, hatta fankar sito ta zama lamba ɗaya. Ni kuwa sai jin daɗi nake, kowa na sa min albarka.

Ranar gwaji, wato Talatar nan, Hajiya ta zo da manyan dillalai biyu. Na kunna, injina suka tashi lafiya lau. Buhu ya cika. Shinkafa ta ci gaba da zuba.

Na dubi allon kwantirola, ya ce an aika umarnin rufewa. Na dubi bakin zuba shinkafa, a buɗe yake. To ina umarnin ya maƙale? Na danna, na sake dannawa (ashe kowace dannawa sabon umarni nake ƙarawa a ƙarshen layi). Kaina ya ɗaure tamau, har na fara zargin allon da ƙarya. Shinkafa ta binne takalman baƙo ɗaya, sai da Malam Buba ya ruga ya kashe wutar gaba ɗaya.

Hajiya ta ce, "Injiniya, wanne ka sa a gaba?"

"Duka, Hajiya."

"Duka?"

Baba Modu ya ce, "Ai ni ya ce min tukunyata ce ta ɗaya."

"Ni ma haka ya faɗa min," in ji Malam Buba, yana harararsa.

Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baƙon na zazzage shinkafa daga takalminsa yana dariya har da tari.

Hajiya ba ta kore ni ba. Ta ƙara min wata ɗaya na gwaji, da sharaɗin in je da kaina in faɗa wa kowane dattijo ainihin lambarsa. Baba Modu ya yi kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Yanzu in babba ya ce in sa injinsa a gaba, nakan durƙusa in gaishe shi, in tambayi iyali, in ce Allah ya ƙara girma. Sannan in ba shi lamba huɗu.